Mai kaza a aljihu da na'urar da ke cewa "as"

Ɗakin ƙarami ne, kujera biyu da teburi, ba abin kallo a bango. Mai neman aiki yana zaune a kan wani faifai mai jin motsi da aka shimfiɗa a kujerar, ta yadda ko cinya ya matse za a sani. An zagaya masa roba biyu masu kama da mesa, ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki. An ɗaura masa abin awon jini a dantse irin na asibiti, an hura shi har hannun ya fara sagewa, sannan an maƙala masa 'yan ƙarafa a yatsu biyu. Mai gwajin yana gefe, idonsa a kan kwamfuta, yana jefo tambaya ɗaya bayan ɗaya da murya wadda ba ta hawa ba ta sauka, tsakanin kowace tambaya da mai bi mata daƙiƙa ashirin da 'yan kai. Yau Talata ce? Ka taɓa satar kuɗi a inda ka yi aiki? Ka taɓa yi wa wanda ya amince da kai ƙarya? Amsa iri biyu kawai aka yarda da ita, e ko a'a. In an gama jerin a sake maimaita shi, yawanci sau uku.

Wannan ita ce na'urar da ake kira mai gano ƙarya, kuma sunan nan shi ne kuskuren farko. Abin da wayoyin ke ɗauka abu uku ne: yadda numfashi ke shiga da fita, yadda jini ke hawa da bugun zuciya, da zufar da ke tsatsowa a fatar yatsa. Har yau masana ba su gano wata alama a jikin ɗan Adam wadda ƙarya kaɗai ke haifarwa ba. Abin da ke sa zuciya ta buga da sauri yana iya zama laifi, yana iya zama tsoro, ko fushin an zarge ka, ko kunya, ko tuna wani abin da ba shi da alaƙa da tambayar. Dukkan ginin na'urar ya tsaya ne a kan karin maganar nan tamu, mai kaza a aljihu ba ya jimirin "as". Maganar gaskiya ce. Sai dai wanda ba shi da kaza ma, in aka daka masa "as" a kunne lokacin da abincinsa ke hannun mai dakawar, zai zabura. Ni kaina na sha tsayawa a shingen bincike takardun motata cif-cif, amma ina miƙa su hannuna yana ɗan rawa. Akwai kuma masu zuwa asibiti jininsu ya hau don ganin likita kawai, su koma gida ya sauka.

Masu gwajin sun san da wannan, shi ya sa suka ƙirƙiro dabarar da aka fi amfani da ita, wadda wani ɗan Chicago mai suna John Reid ya tsara a 1947. Ana haɗa tambayoyi iri biyu. Akwai tambayar da ake nema, kamar ta satar kuɗi a wurin aiki. Akwai kuma ta kwatantawa, mai faɗi wadda kusan babu wanda zai amsa ta da "a'a" zuciyarsa a kwance, irin su "ka taɓa yin ƙarya don ka fita daga matsala?" Kafin a ɗaura wayoyi, mai gwajin zai yi ta jan zance har ya nuna maka cewa mutumin da ke irin wannan ƙarya ba ya cikin waɗanda ake son ɗauka, don ya tura ka ka ce "a'a". Lissafinsa shi ne mai gaskiya zai fi damuwa da wannan tambayar saboda ya san amsarsa ba ta cika ba, shi kuwa ɓarawo zai fi damuwa da tambayar sata. Sai a gwada tsayin zanen da na'urar ta yi na motsin jikinka a kan tambayoyin biyu, a yanke hukunci.

A duba abin da wannan ke nufi. Don a ba ka shaidar gaskiya, ana bukatar ka yi 'yar ƙarya a inda aka shirya maka, jikinka kuma ya nuna ta. Mutum mai tsantseni wanda ya zazzage wa mai gwaji duk abin da ya tuna tun yarinta, har ya amsa tambayar kwatantawa da natsuwa, ya rage wa kansa abin da za a gwada da shi. In kuma kalmar "sata" ta sa gabansa ya faɗi don bai taɓa jin an jingina masa ita ba, shi ke nan zane ya nuna shi maƙaryaci ne. Wanda kuwa ya san yadda tsarin yake, zai iya tayar da hankalinsa da gangan a kan tambayar kwatantawa, ta hanyar cizon harshe ko yin lissafi mai wuya a ka. An yi gwaje-gwajen da suka nuna mutanen da aka koya wa haka cikin ɗan lokaci suna wucewa.

Asalin abin daga Amurka yake, kuma can ya fi yin jijiya. William Marston ne ya fara da awon jini wajen 1915. A 1921 John Larson, ɗan sanda mai digirin digirgir a garin Berkeley na Kalifoniya, ya haɗa na'urar da ke zana jini da numfashi a lokaci guda. Shekara biyu bayan nan, a shari'ar Frye ta 1923, kotu ta ƙi karɓar gwajin Marston a matsayin hujja domin masana ba su haɗu a kan ingancinsa ba. Da ƙofar kotu ta rufe sai ta kasuwa ta buɗe. Leonarde Keeler, wanda ya koyi aikin tare da Larson, ya mai da na'urar abin ɗauka a akwati, ya shiga kai ta bankuna da kantuna yana gwada ma'aikata, kuma da yawansu suka riƙa amsa cewa sun taɓa ɗan ɗebe wani abu. Larson ya mutu yana nadamar abin da ya haifa. Zuwa shekarun 1980 an ƙiyasta ana gwaji kusan miliyan biyu a shekara a Amurka, mafi yawansu a kamfanoni masu zaman kansu, a kan masu neman aikin kanti, gidan mai, banki da makamantansu.

Akwai bambanci babba tsakanin amfani da na'urar a binciken wani laifi da ya auku da amfani da ita wajen tantance masu neman aiki, kuma nan ne masu tallarta suka fi son a wuce da sauri. In an fasa sito ranar Laraba an kwashe buhu arba'in, tambaya a fili take, kuma wanda ake tambaya ya san ko shi ne ko ba shi ba ne. A ɗaukar aiki ba abin da ya ɓata. Tambayoyin sai su zama na lalube: ka taɓa aikata babban laifi, ka taɓa shan ƙwaya, ka ɓoye wani abu a takardarka. Mene ne babban laifi? Biron ofis da ka tafi da shi gida sata ne? Mai yawan bincikar kansa zai tsaya yana tunani, tunanin kuma zai fito a zane. Wanda zuciyarsa ta bushe ba zai tsaya ba.

Sai matsalar lissafi, wadda ta fi ta na'ura girma. Bayan rikicin zargin leƙen asiri a cibiyar nukiliya ta Los Alamos a 1999, ma'aikatar makamashin Amurka ta faɗaɗa gwajin a kan masana kimiyyarta, aka kuma nemi majalisar bincike ta ƙasa ta duba ingancinsa. Rahotonta ya fito a 2003, kuma a ciki akwai misalin da ya kamata duk mai sha'awar na'urar ya haddace. A ɗauka ma'aikata 10,000 ne, cikinsu 10 'yan leƙen asiri. A kuma kyautata wa na'urar zato, a ba ta ingancin da ya fi abin da bincike ya tabbatar a irin wannan aiki. In aka saita ta don ta kama 8 cikin goman nan, za ta haɗa da mutum 1,598 da ba su ji ba su gani ba. Wato kowane mai laifi ɗaya yana tafe da kusan mutum 200 masu gaskiya, kuma ba yadda za a bambanta shi da su ta zanen. In kuma aka sassauta ta don a rage zaluntar bayin Allah, masu gaskiyar da za su faɗi su koma 39, to 'yan leƙen asiri 2 kawai za ta kama, 8 su wuce da takardar shaida a hannu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: in abin da kake nema ƙalilan ne cikin taro, ɗan kuskure kaɗan a kan dubbai ya fi duk abin da ka kama yawa. Kwamitin ya yarda cewa a binciken takamaiman laifi na'urar ta fi cankar ido rufe nesa ba kusa ba, ko da yake ba ta kusa da cika ba. A tantance ma'aikata kuwa ya ce ingancinta bai kai a dogara da ita ba.

Tarihi ya riga kwamitin faɗa. Aldrich Ames jami'in CIA ne, hukumar leƙen asirin Amurka, da ya fara sayar wa Tarayyar Sobiyet asiri a 1985, kuma sanadinsa aka kashe aƙalla mutum goma da ke wa Amurka aiki a ɓoye. Ya wuce gwajin a 1986, ya sake wucewa a 1991, ba a kama shi ba sai 1994. Shawarar da masu juya shi suka ba shi ba ta wuce ya yi barci sosai, ya saki jiki, ya yi fara'a da mai gwaji ba. Ana Montes, wadda ta yi wa Kyuba leƙen asiri daga cikin hukumar leƙen asirin sojan Amurka, ita ma ta wuce nata. Illar a nan ninki biyu ce, domin wanda ya wuce an wanke shi, masu sa ido sai su kau da kai.

Wani gwaji da gidan talabijin na CBS a Amurka ya yi a 1986 ya fi ba ni dariya da tsoro a lokaci guda. Sun shirya ƙaryar cewa an sace kyamara a ofishin wata mujallar ɗaukar hoto, suka gayyato masu gwaji daga kamfanoni daban-daban. Kowanne aka raɗa masa sunan ma'aikacin da ake zargi, amma kowa sunan da aka ba shi daban. Kowannensu ya gama aikinsa ya nuna wanda aka raɗa masa. Ba a saci komai ba. Ashe zanen yana bukatar mai fassara, mai fassara kuma ɗan Adam ne da ya san wanda zai biya shi da abin da yake son ji.

To me ya sa ba ta mutu ba? Akwai tsohon labarin alƙalin da aka kawo wa mutanen da ake zargi da sata, ya ba kowa kara tsayi ɗaya, ya ce kafin gari ya waye karan ɓarawo zai ƙaru da ɗan yatsa. Da safe aka sami kara ɗaya ya gajarta, don mai shi ya kwana yana datsewa. Karan bai san komai ba, imanin ɓarawon ne ya yi aiki. Haka na'urar take, kuma masu aiki da ita sun sani. Shi ya sa kafin a fara ake yin ɗan wasa: a ce ka zaɓi lamba ka musa ta, mai gwaji ya nuna maka inda zane ya yi tsalle, don ka sakankance cewa ba abin da zai ɓuya. Bayan gwaji kuma ya dawo da fuska a ɗaure ya ce akwai tambayar da ta dame ka, gara ka faɗa a gyara. A nan ake samun abin da ake samu. Shugaban Amurka Richard Nixon, a faifan da aka naɗa a fadarsa a 1971, ya ce bai san ingancin na'urar ba amma ya san tana firgita mutane. Adalci ne a faɗa cewa firgitar tana kawo amfani wani lokaci: masu neman aikin tsaron iyakar Amurka sun sha amsa laifin fasa-ƙwauri da wasu manyan laifuka a wannan ɗaki, mutanen da da an ba su bindiga da kaki. Amma alƙalin labarin bai hukunta kowa don karansa ya yi gumi ba. A ɗaukar aiki, wanda bai amsa komai ba don ba shi da abin amsawa, zanen kaɗai ya isa a sallame shi. A 2010 aka yi dokar da ta wajabta gwajin a kan duk mai neman aikin jami'in tsaro a hukumar kwastan da tsaron iyaka ta Amurka, kuma a 2017 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa kusan biyu cikin uku na masu nema suna faɗuwa. Da wuya hankali ya ɗauka cewa duk miyagu ne.

Majalisar dokokin Amurka ta taka wa kamfanoni birki a 1988, da dokar da shugaba Ronald Reagan ya sa wa hannu. Ta hana mafi yawan masu ɗaukar aiki masu zaman kansu su nemi mai neman aiki ya yi gwajin, ko su hana shi aiki don ya ƙi. An bar ƙofa ga kamfanonin gadi da masu jigilar kuɗi da masu harkar magungunan da ake sa wa ido. An kuma yarda a gwada ma'aikaci in an yi asara ta zahiri kuma akwai dalilin zarginsa, da sharaɗin a ba shi sanarwa a rubuce, kuma ba za a kore shi a kan zanen kaɗai ba. Abin mamaki shi ne gwamnati ta cire kanta daga dokar. Na'urar da aka ce ba ta isa ta zaɓi mai jiran kanti ba, ita ake ci gaba da tantance jami'an FBI da CIA da 'yan sanda da ita. Tun a 1985 sakataren harkokin waje George Shultz ya ce ranar da aka nemi ya zauna a kujerar nan zai ajiye aiki. A 1998 ma Kotun Ƙoli, a shari'ar Scheffer, ta ce babu matsaya ɗaya a kan amincin gwajin. Shultz yana da ƙarfin da zai ƙi. Matashin da ke neman aikinsa na farko ba shi da shi.

Da aka hana wayoyi, sha'awar leƙa zuciyar mai neman aiki ba ta tafi ko'ina ba, riga ta sauya. Aka koma jarrabawar gaskiya ta takarda, mai tambayar ko kana ganin yawancin mutane za su yi sata in sun sami dama. Aka fito da na'urorin auna rawar murya, da masu bin motsin ƙwayar ido, kwanan nan kuma manhajojin da ke kallon fuskar mutum a intabiyun bidiyo su ba shi maki. Mu ma muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma da masana suka tattara ɗaruruwan gwaje-gwaje a 2006 sun sami mutane suna cankar ƙarya daidai kashi 54 cikin 100 ne kawai, ɗan taƙi sama da jefa kwabo. Nan ne abin ya shafe mu kai tsaye, domin 'ya'yanmu suna neman aiki ta intanet a kamfanonin waje. Yaron da aka tarbiyyantar a kan kada ya ƙura wa babba ido, ya sunkuyar da kai ya sassauta murya, me manhajar da aka horar da fuskokin wasu mutane za ta karanta a tare da shi? Abin da muke kira kunya da ladabi, a can kau da ido ne, alamar da mutane da yawa suka ɗauka ta maƙaryaci ce alhali bincike bai tabbatar ba. Kamfanin HireVue, mai irin wannan manhaja, ya sanar a 2021 cewa ya janye nazarin fuska daga cikinta bayan suka, Tarayyar Turai kuma ta haramta amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen karanta motsin rai a wurin aiki. Kayan da aka hana a wata kasuwa kuwa ba a zubar da su, wata ake nema musu inda doka ba ta ce komai ba.

Ba na raina damuwar mai ɗaukar aiki. Wanda ya taɓa barin yaro a shago ya dawo ya tarar jari ya zurare ya san zafin abin, kuma in aka nuna masa akwatin da zai tace masa amintacce, zai saya. Yadda 'yan kasuwarmu suka saba yi shi ne su tambayi ɗan wane ne, wa ya kawo shi, wa zai tsaya masa. A fara aikensa da ƙaramin kuɗi, a ga canji ya dawo daidai, a ƙara, sai bayan shekaru a bar masa makulli. Tsarin yana da nasa aibin, domin wanda ba shi da kowa ba ya samun shiga ko da ya fi kowa amana. Amma aƙalla abin da mutum ya aikata ake aunawa, ana kuma aunawa a tsawon lokaci, ga littafin shiga da fita, ga ƙidayar kaya. Ko rantsuwa da muke komawa gare ta in magana ta cije tana da ƙa'ida a shari'a: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Sai an yi da'awa ake rantsar da mutum. Mai neman aiki ba wanda ya yi ƙararsa, ba abin da ya ɓata, amma an ɗora masa wanke kansa daga laifin da ba a ambata ba, a gaban alƙalin da ba ya karɓar shaida.

Kuma kuskuren irin wannan ba ya dawowa ya nuna kansa. In an ɗauki ɓarawo, wata rana asiri zai tonu a ce na'ura ta yi kuskure. In an ƙi mai gaskiya, ba wanda zai taɓa sani, domin bai shigo ba balle a ga aikinsa. Mai gwaji zai rubuta shi cikin nasarorinsa. Shi kuwa wasiƙa zai samu mai layi biyu cewa ba a ci gaba da duba takardarsa ba, ba bayani, in ya yi sa'a a bar shi ya roƙi a sake masa gwaji. In ya nufi wata hukumar tsaro, sau da yawa a cikin fom ɗin akwai layin da ke tambayarsa ko ya taɓa zama a kujerar nan, kuma yaya aka ƙare.